Rariya Uku

Ƙarfe ɗayan dare a Barnawa,
janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu.
Saura ni da batirin kwamfuta
da kawunan yara arba'in da biyu,
kowanne an yanka shi da hoto, ba da wuƙa ba,
sala-sala kamar albasar mai tsire.

'Yan sikila ne. Iyayensu sun dangwala yatsa,
suka ce, "Likita, duba mana
abin da ke cinye karatu a kansu."
Na ce to.
Ban faɗa musu ba cewa ido bai isa ba,
sai manhaja, sai ƙididdiga,
kuma har yau ban san wadda zan ba amanar ba.

Ta farko Farfesa Kuyet ne ya zo da ita.
Da ita ya yi digiri, ya ce da ita zai yi ritaya.
Ita kanta kyauta ce,
amma ɗakin da take haya dala ake biya duk shekara.
Na buga da canjin yau,
na ga kuɗin makarantar ƙannena biyu,
na rufe shafin a hankali.

Ta biyu ba ta cin kuɗi, haƙuri take ci.
Baƙin allo, farin rubutu,
ki manta ɗigo ɗaya ta ɗauke miki kai.
Kwana uku ina sauke ta,
ta kai casa'in da shida cikin ɗari
aka ɗauke wuta.
Abin da na faɗa a daren nan ba ya rubutuwa.

Ta uku Gwamna ya kawo min a filashi daga Kakuri.
Danna nan, danna can,
sai ƙwaƙwalwa ta kama ja da rawaya
kamar gadar Kawo bayan magariba.
Wallahi na ji daɗi. Har na fara tsara jawabi.
Sai na tuna ɗigo dubu ɗari biyu ne a kai guda,
kowanne an yi masa tambaya iri ɗaya.
Wanda ya jefa ƙugiya sau dubu ɗari biyu a Kogin Kaduna,
ko tsohon silifa ne sai ya kamo,
in yana jin yunwa ya kira shi tarwaɗa.

Inna tana da rariya uku a rataye.
Takan ce rariya ba ta ƙarya,
mai tankaɗe ce ke zaɓen girman ido
gwargwadon tuwon da take son a yaba.

Kuma duk ukun hali ɗaya gare su:
sai sun matse kan yaro
ya shiga hular wasu manya na wata ƙasa
kafin su yarda su auna shi.
Wannan ban da maganinsa tukuna.

Lamba goma sha bakwai, Hansatu,
ta yi dariya a cikin na'ura,
wai ƙarar kamar injin markaɗen layinsu.
Hotonta ya fito da inuwa biyu.
Shi na miƙa musu, ɗaya bayan ɗaya.
Ta farko, a kwamfutar Farfesa, ta haɗiye ba ta ce komai ba,
ko ta ce, a wani lungun da ban leƙa ba.
Ta uku ta shafa masa jan lalle, ta ce ga ciwo.
Ta biyu ta tsaya cak,
ta rubuta layi ɗaya mara daɗi:
wannan kan ya motsa.

To.
Ke mai baƙin allo, zo mu zauna.
Ba sonki nake ba.

Ladan ya fara gyaran murya, batiri saura huɗu.
Na jawo littafi da biro,
na rubuta sunanta, da lambar fitowarta, da kwanan wata,
da girman idon rariyar da zan yi aiki da shi,
tun ban ga garin ba,
don na san hannuna.